Ba Tsautsayi Ne Ke Jan Kunama Ba

A ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, bindiga ta riga ta shiga cikin kayan gida. Manomi a Ruwan Gizo yana fita gona da fartanya a kafaɗa ɗaya, bindigar toka a ɗayar, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsa. A shekarar 2021 kaɗai, an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a daren 26 ga Fabrairu, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta an tafi da ɗalibai da ma'aikata, an sake ɗebe yara 73 a makarantar Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Mutanen da suka ga wannan da idonsu ba su ne za a tsaya ana yi wa wa'azin su zauna hannu rabbana ba. Abin da ke ƙona min rai daban ne. Makamin da aka shigo da shi gida don a tsare iyali, shi ne yake juyowa ya ci iyalin, mu kuwa mu taru a zaure mu ce tsautsayi ne, mu shafa fatiha mu watse, gobe a maimaita a wani gidan.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma magidancin da ya jingine bindiga a ɗure a bayan ƙofar ɗakin da yara ke shiga da fita, ya tafi kasuwar Talata ya wuni, bai isa ya ɓuya a bayan ƙaddara ba ranar da abin ya faru. Sakaci ya yi, kuma sakacin da ya ci rai laifi ne a wurin Allah da wurin mutane. Mun daɗe muna jin nauyin faɗa wa mai makoki wannan magana, jin nauyin nan kuwa shi ne ke haƙa kabarin yaro na gaba.

Na taɓa riƙe bindigar wani ɗan sintiri a hannuna na duba ta da kyau. Bututunta bututun ruwa ne. Tsatsa ta ci shi har ya yi ƙuraje, kusa da gindi akwai tsaga da aka naɗe da robar tayar keke, an ɗaura laya a kai. Da na tambaye shi yaushe rabon da ya goge cikinta, sai ya ce ai ba ta taɓa ƙin tashi ba. Na ce a ɗure take? Ya yi shiru, ya ce yana jin ƙanensa ne ya fita da ita shekaranjiya. Wato yana yawo cikin mutane da abin da bai san ko akwai albarushi a cikinsa ko babu ba. Wannan bawan Allah jarumi ne, yana kwana waje don mu yi barci. Amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ko na sa'a guda ya nuna masa yadda ake riƙon abin da ya saɓa a kafaɗa.

Bindiga ba ta fashewa haka kawai, akwai dalilai, kuma sanannu ne. Tokar da albarushi ke bari a cikin bututu tana jan raɓa daga iska. Idan aka yi harbi aka ajiye ba a wanke an busar ba, musamman da damina, tsatsa za ta fara cin ƙarfen daga ciki, inda ido ba ya gani, har kaurinsa ya ragu. Da hunturu ƙura ce ke shiga ta haɗu da maiko ta daskare. Bindigar da aka rataye a bango aka manta, zanzaro yakan shiga bakinta ya yi ginin laka. Wanda ya faɗi da ita a fadama, bakin yakan toshe da taɓo bai sani ba. Duk bututun da ya toshe, idan aka ja kunama, ƙarfin wutar ba shi da hanyar fita ta gaba, sai ya tsaga ƙarfen daidai inda hannun hagu yake riƙe, kusa da fuska. Haka wanda ya manta ya riga ya ɗura ya sake ɗurawa a kan na farko, da wanda ya ƙara albarushi wai don ta yi ƙara, da wanda ya zuba garin harsashin zamani a bindigar maƙera alhali ƙarfinsa ya fi abin da za ta iya ɗauka. Duk wanda ya zaga garuruwanmu ya ga samari masu yatsu uku da masu ido ɗaya, da yawansu kuwa ba ɓarayin daji ne suka yi musu haka ba.

Abin haushi, maganin wannan ba ya buƙatar digiri. Saurayin da ya sayi babur ya san ranar juyen baƙin mai, yana wanke shi kullum, ba ya ba yaro makulli, amma shi ɗin ne zai jefa bindiga ƙarƙashin gado wata uku bai waiwaye ta ba.

Ƙa'idar farko, kowace bindiga a ɗure take har sai kai da kanka ka duba ka tabbatar babu komai a ciki. Ba a karɓar maganar wani a nan, ko da mahaifinka ne ya miƙo maka ya ce fanko ce. Ta biyu, bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko a wasa, ko lokacin shara, ko lokacin da ake miƙa ta. Ta uku, yatsa ba ya hawa kunama sai lokacin harbi. Ta huɗu, ba a harbin abin da ba a tantance ba, kuma sai an san abin da ke bayansa, domin harsashi yana huda zana da ƙofar langa-langa ya sami mai barci. Sojoji da 'yan sanda da maharba a ko'ina cikin duniya a kan waɗannan huɗun suke. Idan mutum ya karya ɗaya, sauran ukun sukan tsare shi. Mu kuwa sai ka ga an karya huɗun gaba ɗaya a majalisar shayi ana dariya.

Wurin shara ne aka fi samun asara, musamman da ƙaramar bindiga, wadda ake sokewa a ƙugu ko a tura ƙarƙashin matashi. Mutum ya zare gidan harsashi ya ajiye gefe, ya ɗauka shi ke nan ta zama fanko, ya manta akwai ƙwaya ɗaya da ta riga ta hau ciki tana jira. Wannan ƙwaya ɗayar ita ce ke kashe mata da 'ya'ya da abokai. Wanda doka ta ba riƙon irin wannan makami ya sani, bayan an zare gidan harsashi sai an buɗe an fitar da wadda ke ciki, an duba da ido, an sake dubawa. Sannan a kwashe harsasai gaba ɗaya a kai wani ɗaki kafin a taɓa tsumma. A yi sharar da rana, a inda iska ke shiga, nesa da murhu da fitilar aci-balbal da taba, babu yaro a kusa, bakin yana fuskantar ƙasa ko katangar laka mai kauri. Mai kaɗan ake shafawa a goge, domin mai yawa ƙura yake tarawa. Manja da man gyaɗa kuwa daskarewa suke yi su zama danƙo. Mai bindigar toka ya auna da sandar ɗuri ya san ko akwai kaya a ciki, kada ya leƙa da ido, kada ya busa da baki. Idan ya ja kunama ta ƙi tashi, ya bar bakin yana kallon inda ba kowa ya dakata, don sau da yawa wutar tana ci a hankali, sai ya juyo da ita zai duba ta tashi. Bututun da ya tsage ko ya kumbura ya gama aiki, roba ba ta gyara shi, waya ba ta gyara shi.

Za a ce min, ɓarayi da tsakar dare suke zuwa, wa zai tsaya neman makulli? Na ji, kuma magana ce mai nauyi. Amma da dare bindiga tana hannun babba mai gadi, idonsa biyu. Da rana fa, lokacin da maigida yake gona ko masallaci ko kasuwa, me ya hana a sauke ta, a kulle ta a akwatin ƙarfe, albarushi da harsashi a wani wuri daban, makulli a aljihun mai ita? Kwaɗo nawa yake a kasuwa? Yaro ɗan shekara bakwai ya san duk maɓoyar da ke cikin gidan ubansa, saman rumbu da bayan tukunya da ƙarƙashin katifa. Ɓoyewa ba ta hana shi, kullewa ce ke hana shi.

Akwai kuma darma. Zamfara ba ta buƙatar wani ya ba ta labarin gubar darma, domin a 2010 yara kusan 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Darmar da ke cikin harsashi ita ce dai wannan gubar. Duk da haka za ka ga ana narka ta a tsakar gida kusa da inda ake tuƙa tuwo, mutum ya gama shafa bindiga ya sa hannu a akushi bai wanke da sabulu ba, tsumman sharar kuma yana yashe inda mai rarrafe zai ɗauka ya kai baki. Jihar da ta binne ɗaruruwan yara saboda darma ba ta da uzurin wannan ganganci.

Yanzu bari in juya ga waɗanda laifinsu ya fi girma. Wannan yanki namu ba marayan siyasa ba ne. Ahmad Sani Yarima ɗan Bakura ne, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Abdul'aziz Yari ɗan Talata Mafara ne, daga 2011 zuwa 2019. Bello Matawalle ɗan Maradun ne, daga 2019 zuwa 2023, daga baya ya zama ƙaramin ministan tsaro. Jimilla shekara 20 ke nan mulkin jihar ya yi a hannun 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku. A watan Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta fito ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19. Nan take rundunar 'yan sanda ta ce an dakatar da ba da lasisi, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Aka bar talaka a tsakiya. Wata hukuma ta ce ka nemi bindiga, wata ta ce idan an gan ka da ita za a kama ka. Babu wadda ta ce ga inda za ka je a koya maka riƙonta.

Sakamakon wannan rufa-rufa shi muke girba. Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Ƙaramar bindiga tana cikin waɗanda aka haramta sai da iznin shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai da lasisin Sufeto Janar, ta toka kuwa lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, ta kuma ɗora wa mai bindiga alhakin adana ta. Ƙa'idoji ne masu ma'ana, amma tunda an rufe ƙofar lasisi, babu wanda ake tantancewa. Bindigogin suna nan birjik, sai dai a ɓoye. Abin da ke ɓoye ba a duba lafiyarsa, ba a koyar da shi a fili, ba a san adadinsa ba. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana saɓe da ita, wanda ya sha ƙwaya yana saɓe da ita, babu mai cewa uffan.

Ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,646, bayan Katsina ta kafa nata dakarun a watan Oktoban 2023. Mataki ne da ya fi barin kowa ya yi gaban kansa, ban musa ba. Amma askarawa dubu biyu da ɗari shida ɗigo ne idan aka kwatanta da 'yan sa-kai da 'yan banga da maharba da manoma masu bindiga a ƙananan hukumomi 14. Su waɗannan wa ke kula da su? Su kansu askarawan, bayan faretin yaye su, sau nawa ake dawo da su a sabunta musu horo? Wa ke bin makamansu ɗaya bayan ɗaya ya duba? Ina ma'ajiyar da suke mayar da su idan sun tashi aiki? Ina littafin da ake rubuta wanda ya karɓa da wanda ya dawo da shi? Tambayoyi ne da ya kamata kowane ɗan majalisar jiha daga wannan yanki ya yi da babbar murya. A watan Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a Tungar Kara ta ƙaramar hukumar Maradun, mutum aƙalla 16 suka mutu, cikinsu har da askarawa da 'yan sa-kai da suka fito tunkarar ɓarayi. Haka take kasancewa idan hukuma ba ta san wa ke riƙe da makami a ƙasa ba, ba ta kuma da hanyar magana da shi.

Rashin horo ba a yatsu kaɗai yake tsayawa ba. Wanda ba a koya wa tantance abin harbi ba, shi ne ke jin motsi a cikin dawa ya saki wuta ya kashe maƙwabcinsa da ya fito kewaya. Shi ne ke ganin Bafulatani a kasuwa ya yanke masa hukunci saboda kamanninsa. Kowa a Zamfara ya san yadda irin wannan kisa ya rura wutar ramuwar gayya. Kwamitin tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar ya ƙirga zawarawa 4,983 da marayu 25,050 tsakanin 2011 da 2019. Wanda ya ƙara maraya ɗaya a kan wannan lissafi saboda gaggawar yatsa, bai kare garinsu ba, ya ƙara masa makoki ne.

Sai masu maganin bindiga. A farkon 2018 an kama wani mai magani a jihar Katsina bayan an harbe mutumin da ya sha maganinsa don a gwada, ya mutu nan take. Irin wannan labari ba ya ƙarewa, kuma har gobe akwai masu tsayawa su buɗe ƙirji su ce harba. Wanda ya harbi ɗan'uwansa da sunan gwaji kisa ya yi, wanda ya sayar da maganin abokin laifinsa ne, waɗanda suka tsaya kallo suna kirari su ma da nasu kason. Haka masu harbi sama ranar Sallah da ranar ɗaurin aure a tsakiyar taro. Abin da ya hau sama dole ya sauko, kuma ba ya zaɓen kan da zai faɗa. Malamanmu sun san hadisan da ke cikin Buhari da Muslim, waɗanda suka hana nuna ɗan'uwa da makami, suka kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. An yi wannan gargaɗi ne a kan kibiya da takobi. Me ya hana a ji shi a huɗubar Juma'a yau, da makamin ya fi kibiya sauri da nisa?

Idan kuma abin ya auku, sai tsoro ya ƙara wata ɓarnar. A ɓoye mai rauni a ɗaka ana shafa masa toka da sassaƙe, don kada a je asibiti a tambayi bindigar wa. Ƙafar da za a iya cetowa ta ruɓe. Jama'a su sani, tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A danne raunin da tsumma mai tsabta a tsayar da jini, a nufi babban asibitin Talata Mafara, idan ya fi ƙarfinsu ga Gusau ga Sakkwato. Tambayar hukuma ta fi jana'iza sauƙi.

Abin da nake nema ba gagarumi ba ne. Gwamnatin jiha da rundunar 'yan sanda su daina jifan juna da magana, su zauna su buɗe rajistar bindigogin toka a hannun hakimai da dagatai, tunda lasisinsu a Gusau ake sa masa hannu, ba sai an je Abuja ba. Duk wanda ya yi rajista a duba bindigarsa, wadda ta lalace a karɓe a lalata. A ɗauko tsofaffin sojoji da 'yan sandan da suka yi ritaya, waɗanda ke zaune a garuruwanmu da ilmin nan a kansu, a biya su su riƙa zagaya gundumomi suna koyarwa, daga Ruwan Gizo zuwa Jangebe zuwa Dakko zuwa Faru. A sa sarkin baka da sarkin maƙera a ciki, domin maganarsu ake ji. Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ta fito daga ɗakunan taro ta zo inda makaman suke. Gidajen rediyo su ware minti goma a mako. Kowace ƙungiyar sintiri ta kafa doka a kanta: wanda ya nuna wani da bindiga da wasa, ko ya fito aiki a buge, ko ya ba yaro, a karɓe makamin ranar, ko ɗan wane ne.

Ku kuma iyayenmu mata, kuna da haƙƙin magana a nan, domin 'ya'yanku ne ke wasa a ɗakin. Matar da ta ce wa mijinta, Malam, ko ka kulle abin nan ko ka fitar min da shi daga ɗaki, ba rashin kunya ta yi ba. Maigida kuma, ɗan'uwana, kada ka jira gwamnati, don ba ta san hanyar ɗakinka ba. Yau ɗin nan, kafin magariba, ka kori yara waje, ka sauke bindigar, ka duba ta da idonka, ka raba ta da harsashi, ka sayo kwaɗo. Ranka ya daɗe hakimi, ranka ya daɗe dagaci, ran da aka sake kawo muku labarin bindiga ta tashi ta kashe yaro, kada ku tsaya a ta'aziyya. Ku tambayi wa ya ɗura ta, wa ya ajiye ta a nan, ku miƙa shi ga hukuma ya amsa.